Gidan Yana Nan, Sunan Titin Ne Ya Sauya

Ƙarfe biyun dare a Gdańsk,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Na buɗe manhajar gyaran hoto,
sai ga alamar tambaya a kusurwar kowace fuska.
Dubu arba'in da ɗari biyu.
Ba ni na ƙirga ba, ita ta ƙirga mini, ko kunya babu.

Ga amarya Dobrochna tana dariya a bakin gada,
'yar mitsitsiya kamar kan sarki a bayan wasiƙa.
Na danna in buɗe ta sosai,
aka ce ba a ga asalin ba.
Inuwa ce ta rage a hannuna,
mai inuwar ta yi ɓatan dabo,
ga shi jibi uwarta za ta zo karɓar kundi.

Na rarrafa ƙarƙashin tebur, tocila a baki.
Akwatin ajiya na nan a lungunsa, baƙi, da ɗumi,
fitilunsa huɗu kore shar,
yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi.
Na zare waya, na hure ƙura, na mayar.
Na kashe, na kunna, na sake kashewa.
Na lallashe shi, na zage shi.
Ko a jikinsa.

Ƙanena Przemek yana aikin dare a tashar jiragen ruwa,
ya ɗauka, ƙarar ƙugiya na cin rabin muryarsa.
"Halszka, an ɗauke wuta jiya?"
Na ce minti uku kacal.
"Ai ya isa. Da ta dawo,
na'urar rabon layi ta ba shi sabuwar lamba.
Da yana ashirin da uku. Duba yanzu."
Talatin da ɗaya.
Kwamfuta kuma, don neman magana,
ta liƙa masa wata lamba a wutsiyar suna,
ta mai da ɗan gida baƙo.

Sai na tuna kaka Bronisława.
Gida ɗaya ta tsufa a ciki,
titinsu ya sha suna har uku, ita ko tabarmar ƙofa ba ta gusar ba.
Wasiƙar yayanta ta zo, ta juya,
da hatimi a goshi: ba a san mai wannan adireshi ba,
alhali tana bakin taga tana feraye dankali,
tana kallon mai rabon wasiƙa yana wucewa da kekensa.

Na kama hannun manhaja kamar na makaho,
na kai ta bakin babbar jaka, na ce nan ne.
Ta yi jim.
Sai alamun tambaya suka fara kakkaɓewa
jere bayan jere,
bikin aure, ranar suna, ma'aikatan jirgi da hulunansu,
Dobrochna ta cika allo har ina ganin zaren mayafinta.

Saura goma sha tara.

Waɗannan kam ba laifin wuta ba ne.
Ni na ɗauke su da hannuna a sanyin bara,
ta bayan gida, ban gaya wa manhaja ba.
Baba ne a gadon asibiti,
agogonsa ya yi wa tsintsiyar hannu yawa,
yana hararar kyamara don na hana shi taba.
Na sa musu suna "rasit na haraji"
don kada idona ya faɗa kansu da rana tsaka.

Na san inda suke.
Kibiya tana kan maɓallin nema, yatsana yana kanta.
Ba yau ba.

Na ɗaure wa akwatin lambarsa don kada ta sake yawo,
na rubuta ta a farar takarda, na manna a gefensa.
Shayi ya huce tuni.
A ƙasa, taragon farko ya wuce babu kowa a ciki,
da fitilunsa duka a kunne.