Man Shokozoba

Tun Laraba keken nan ke yi mini gardama.
In na faɗa rami a hanyar Wusasa
sai ƙafar gaba ta nutse, ta dawo fat,
kamar wanda aka zaga ya rama nan take.
Wuyan hannu ya sha, haƙora su haɗu.

Na kai wa Tanimu mai faci a Kwarbai.
Ya danna, ya saki, ya sake dannawa,
ya ce, "Malam, wannan ba Rali ba ne.
Ni iska na sani, da gam, da sarƙa.
Abin da ke cikin bututun nan sai mai shi."

To, ga mai shi.
Asabar da la'asar na shimfiɗa buhun taki
a gindin gwaibar tsakar gida,
na kifar da keken kamar ragon da za a feɗe.
Alanki uku, sifana ɗaya ta aro,
sirinji daga kemis ɗin Tudun Wada,
da tsohuwar singileti da ta gama aikin jiki
ta koma aikin ƙarfe.

Notin farko ya ƙi.
Na lallashe shi da kananzir, na ba shi lokaci,
na sha ruwa, na dawo, ya yarda.

Man ya tsiyayo cikin gwangwanin madara,
launin ruwan wanki na uku,
da wani wari da ba na garin nan ba.
Gwanjo na saye shi a Sabon Gari.
Wani ya hau shi kan duwatsun da ban san sunansu ba,
ga ragowar tafiyarsa a gwangwanina.
Tasalla ta tsuguna, ta leƙa, ta toshe hanci:
"Baba, ciwo yake yi?"
Na ce gajiya ce.

Na zaro sandar ciki.
Ashe duk abin bai taka kara ya karya ba:
fistin kamar kwabo,
wasoshi sirara kamar ɓawon albasa,
da ƙofa ɗaya da ba ta kai ƙwayar gero ba.
Ta nan duk fushin dutse yake bi.
Sifirin ba shi da kunya,
abin da aka ba shi, shi yake mayarwa.
Man ne ke riƙe masa gefen riga,
yana matsewa ta ƙaramar ƙofar nan
har zafin ya huce kafin ya iso hannuna.

Na jera su bisa buhu yadda suka fito,
sai kaza ta ratsa ta tsakiya.
Kash.
Aka kira magariba ina rarrafe a ƙasa,
aka ɗauke wuta ina ƙirga ɓawon albasa.

Bayan salla Tasalla ta riƙe fitilar waya,
tana haska fuskata maimakon hannuna.
Sabuwar roba, ɗan giris a yatsa,
sabon mai garau kamar zuma farar saƙa,
sirinji biyar da rabi.
Sai dannawa, sannu, sannu,
kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya
kamar maganar da aka daɗe da haɗiyewa.
Ba a yi wa iska gaggawa.
Sai da ta daina ƙorafi na ɗaure bakin.

Da asuba, da na kaɗe buhun,
wasa ɗaya ya faɗo, ya yi ƙara bisa siminti.
Na dube shi, ya dube ni.

Na dai hau.
Gindin Kufena, gangaren da ke karkaɗa ni kullum,
taya ta daki dutse,
ƙafar gaba ta nutse, ta yi shiru,
ta taso a hankali kamar dattijo daga tabarma.

Wasan yana aljihuna tare da makullin gida.
Har yau ban san gurbinsa ba.