Madubin Kafanchan

Ƙarfe ɗaya na dare, Barnawa ta yi tsit,
sai janareton mai shayi da ke tari a bakin titi.
Ni da fanka, da kwamfuta,
da kofin da ya huce tun bayan isha'i.

Da la'asar muka saki sabuwar manhaja,
siga ta huɗu da ɗigo biyu,
wadda ta gyara lissafin buhunan citta
da ke zaftare wa manomi ɗari uku a kowane awo.
Muka tafa. Barau ya sayo tsire,
muka ci, muka suɗe yajin a jikin takarda.
Ashe ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yunana ya bugo daga Kafanchan:
"Ladidi, sau uku ina saukewa,
tsohuwar ce dai take zuwa,
da kuskurenta, da komai nata."
Na ce ya goge, ya sake.
Ya goge, ya sake. Ita ce.

Na leƙa uwar sabar, sabuwa na zaune daram.
Na gwada hatiminta, harafi da lamba sittin da huɗu,
ko ɗaya bai kauce ba.
To a wace tasha aka musanya kayan?

Tsakaninmu da jama'a akwai wani rumbu,
mai kirki ne, ƙiwar tafiya ce aibinsa.
Abin da aka taɓa nema sai ya riƙe,
wanda ya zo ya miƙa masa,
ba ya komawa gida ya ji ko an sauke sabon tuwo.
Wani ne ya ce masa, watannin baya,
"Riƙe har kwana bakwai."
Na duba sunan wanin nan.
Nawa ne.
Na wanke rumbun tas, ban faɗa wa kowa ba.

Madubin Samaru ya karɓa nan take,
na Kawo ya bi sahu.
Na Kafanchan ko gezau.

Na bi rajista layi-layi,
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
har idona ya fara ganin biyu.
Can na gan ta: ranar Talata, tara da kwata,
an ɗauke wuta ana tsakiyar kwafe kaya.
Aikin ya mutu a wurin,
amma ya bar 'yar alama a bakin ƙofa:
"Ina ciki, kada a shigo."
Duk awa sabon ɗan aike ya zo,
ya karanta, ya yi ladabi, ya juya.
Kwana uku ana yi wa gawa sallama.

Layi ɗaya na rubuta. Sakata ta zare.
Lambobi suka fara hawa a hankali,
kamar kogin Kaduna a watan takwas.
Uku da rabi Yunana ya turo saƙo:
"Ta iso." Ko gaisuwa babu.

Da asuba na tari keke zuwa Kakuri.
Baba na zaune a kan tabarma,
ya sa shuɗiyar rigar aiki, ya ɓalla maɓalli har wuya,
katinsa a aljihu, hoton ya koɗe.
Ya ce, "Jiniyar masaƙa ta busa?
Kada in makara, sabon kofur ba shi da wasa."

Masaƙar da ciyawa ta cinye injinanta
tun ina aji uku.

Na tsaya da jakar kwamfuta a kafaɗa.
Na san wace shekara aka ɗauke masa wuta,
na san alamar da aka bari a ƙofar.
Yatsuna suka motsa don sabo,
babu allon da za su taɓa.

Na ce, "Da saura, Baba.
Sha kokonka tukuna."