Rundunar Wojmir

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shafa wa jirage fenti
a bakin ruwan Gdansk,
ina lilo a igiya, bokiti a ƙugu,
jan fentin kashe tsatsa har cikin haƙorana.
Jirgi guda kan shanye mana ganga ɗari,
ko sannu bai ce ba, ya kama hanyar teku.

Yau ga ni a teburin kicin,
tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya,
da burushin da gashinsa bai fi bakwai ba,
ina neman idon wani ɗan mashi
wanda tsawonsa bai kai gaɓar yatsana ba.

Ba nawa ba ne. Na Wojmir ne.

Kowace Alhamis, shekara goma sha tara,
a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin gidan burodi,
mukan shimfiɗa koren mayafi ya zama fili,
soso ya zama tsauni, shuɗiyar leda ta zama kogi.
Ya ja tef ya auna tafiyar dawakinsa,
ya ƙara faɗin yatsa yana tari don kada in gani.
Ina gani.
Ban taɓa cewa uffan ba, sai dai in ci masa biskit.

Idonsa ya fi burushinsa ci.
Ya sayi goma, ya fente biyu, ya sake sayen ashirin.
Gobe, yake cewa, gobe dai, Bogumil.
Goben ta zo a watan Fabrairu,
dusar ƙanƙara har gwiwa a maƙabarta.

Bayan mako uku Halszka ta hau min bene
da kwalayen takalma huɗu.
Ta ce, ko kai ko bola, zaɓi.
Ta juya kafin in ga fuskarta.

Ɗari biyu da sha huɗu, na ƙirga sau biyu.
Duk ruwan toka, tsirara,
wasu ba kai, wasu hannu na gefe a ƙullin leda.
A ƙasan kwali na uku, wata 'yar takarda da rubutunsa:
Riguna shuɗi.
Ba irin shuɗin Bogumil ba, nasa kamar bangon asibiti.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa.
Abin da ya biyo dariyar ba na kowa ba ne.

Hannuna yanzu rawa yake.
Sai in haɗa wuyan hannu da wuyan hannu,
in ɗauke numfashi,
in diga baƙi a cikin fari.
Na farko ya fito da harara-garke.
Na biyu kamar ya ga fatalwa.
A na arba'in ne wani ya ɗago ya dube ni sosai.

Sulke, garkuwa, ɗamara, tsatsa a bakin takobi.
Ni da na ƙarar da ƙuruciya ina korar tsatsa,
ga ni ina zana ta da gangan.

Kaka ta shigo kafin in gama.
Na kai su ɗakin ƙasa a taragon lantarki,
kwali a cinya kamar mai ɗauke da ƙwai.
Dobrawa, jikar mai burodi, 'yar sha shida,
ta jera su a hayin kogin leda,
ta watsa 'ya'yan lido,
ta tarwatsa ni kafin shayina ya huce.
Tef ɗinta daidai, ko yatsa ba ta ƙarawa.
Wannan ne kaɗai ya yi min ciwo.

Ɗaya na bari a gida, mai riƙe da tuta.
Shi Wojmir ya fara:
rabin alkyabba shuɗi, rabi toka,
kuma a kafaɗa, inda ya kama shi fentin bai bushe ba,
shatin babban yatsansa.

Yana kan taga, kusa da gishiri.
Ba shi da ido.
Ba zan sa masa ba.