Lamba Goma Sha Ɗaya

A gwangwanin madara Inna ta adana ta,
ƙarƙashin zare da maɓallan da suka rasa riga,
'yar takarda, an naɗe ta gida huɗu,
ta sha gumin aljihun Baba har ta yi laushi.
Ta ce, "Ungo, ke da kika yi boko,
je ki Gombe ki tambayo mana haƙƙinsa."

Motar asuba na hau daga Bajoga,
buhun wake a ƙafata, kaza a cinyar maƙwabciyata.

A ofishin fansho suka buɗe littafi,
suka ce su Garba suka sani.
A banki suka duba, suka ce Abubakar.
Mu kuwa a gida, tun daga kakata, Buba ne.
"To wanne ne ya rasu a cikinsu?" in ji magatakarda,
yana sakace da murfin biro.
"Kawo shaida cewa mutum ɗaya ne."
Na so in ce kabari ɗaya aka haƙa,
likkafani ɗaya, sallah ɗaya,
sai dai fom ɗin bai bar gurbin wannan ba.

Aka yi mini kwatancen shagon Bappayo a Jekadafari,
bayan mai faci, inda janareto ke tari.
Mu takwas ne a kan benci.
Wani zai buɗe layin wayarsa,
wata an rage mata shekara shida tana so a mayar,
wani tsoho ya manta lambarsa ɗungurungum
ya kawo yatsunsa a maimakonta.
Sabis ya tafi. Sabis ya dawo. Aka kira azahar.

Da layi ya zo kaina na karanto,
bakwai, sifili, huɗu, huɗu,
muryata na rawa kamar ranar haddata ta farko.
Wani ɗan zobe ya yi ta juyi a gilashi,
ya yi ta juyi,

sai ga shi.

Hularsa ta karkace hagu.
Ya zaro ido, don an ce kada ya ƙifta.
Ga tabon nan a haɓa
da ƙahon bijimi ya bar masa tun yana kiwo.
An rubuta an haife shi ɗaya ga Janairu,
shi da aka haifa tsakiyar damina
gero na fitar da kai.
Na tuna sau uku ya zo kafin na'ura ta karɓe shi,
siminti ya cinye zanen yatsunsa,
ya dawo yana dariya, wai gwamnati ta ce ba shi da hannu.

Bappayo ya ce, "Ai a nan bai mutu ba, Adda.
Sai kun kai takardar rasuwa za su rufe."

Takardar tana jakata.
Na ɗora hannu a kan zif, ban ja ba.
Duk faɗin ƙasar nan
saura ɗaki ɗaya da Baba ke zaune,
ba taga, ba tabarma, ba butar alwala,
amma yana nan, yana kallon gaba,
sai kuma a ce ni zan je in ja ƙofa?

Na ce, "Buga mini."
Ya ce, "Mai kala ɗari biyar ne."
Na ba shi daga kuɗin motata.

Fansho sun ce in dawo bayan sati biyu
da rantsuwar kotu da sa hannun mai unguwa.

Bayan isha'i na isa gida.
Inna ba ta tambayi kuɗi ba.
Ta kara takardar kusa da fitila,
ta daɗe, ta daɗe,
sannan ta sa babban yatsa a kan hular
tana turawa dama a hankali.
Ta ce, "Ranar nan ina wajen awo ya fita.
Da ina gida, da na gyara masa."