Kunnuwan Kututture

Shekarar da aka sare kiryar bakin fadama
Baba Barmo ya fid da turame uku daga jikinta,
ya bar gindin tsaye, iya gwiwa,
ya ce a ƙyale shi, bai gama aiki ba.
Damina biyu kututturen bai ce uffan ba.

A ta uku, bayan ruwan da ya kwana yana zuba
har ya yanke hanyar Kiyawa,
na fita yanko wa awaki ciyawa
na tarar ya fid da kunnuwa,
wani bisa wani kamar faya-fayan Inna a bango,
ja wur, irin na tafin da ya kwana da lalle,
leɓensu fari kamar an tsoma a kindirmo.

Na kai hannu. Ƙotar gizago ta sauka a wuyan hannuna.
Ba haka ake tarbar baƙo ba, in ji shi.
Fara tambayar asalinsa.
Wace ce uwarsa, kirya ko ɗorawa ko maɗaci?
Wanda ya sha nonon maɗaci
kar ka sa ran zaƙi a bakinsa.

Sa'an nan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi,
ƙyale bayan nan mai sheƙi.
In ka ga 'yan huji kamar idon rariya,
ka ƙwanƙwasa da farce ya amsa kamar busasshiyar ƙwarya,
to ɗan itace ne, ya gado taurin gidansu,
ko ya kwana a tukunya haƙori ba ya shiga.
In kuwa layi-layi ne kamar haƙoran mataji,
ga laushi, ga ƙanshin ƙasar ruwan fari,
har yanzu dai ba ka san shi ba.
Kama da wane ba ta wane.

Ilu Mai Jaki, ya ce, Allah ya ji ƙansa,
ya taɓa cika hula da irinsu a gindin darbejiya,
wai naman kaza ne, banza ta faɗi gasassa.
Kwana uku yana safa da marwa
tsakanin tabarma da bayan gari.
Da ya miƙe, ko kazar gaske aka yanka
sai ya tambayi inda ta tsiro.

Muka ɓalle guda da ƙyar, ya kife a baƙin kasko.
Da safe ga ƙura kwance ƙarƙashi,
launin jar kanwa, ta fi garin tuwo laushi.
Irinsa ke nan, ya ce, iska ce manominsa,
ba ya jiran garma, ba ya roƙon aron gona.

Bana yana ta rufe idon Baba.
Ni ke riƙe masa sanda zuwa fadama.
Ya tsuguna, babban yatsansa na bin gefen kunnen
yana ƙirga ɗamarar da kowace damina ta ƙara:
huɗu, biyar, wannan siririyar ta shekarar fari ce.
Ya tambaye ni launin ƙarƙashi. Na ce fari.
Ya ce karce shi da tsinke.
Na karce, sawun ya rine ya koma ƙasa-ƙasa,
na rubuta sunansa a ciki ban gaya masa ba.

Kututturen kuwa ya yi laushi,
in ka danna yana marmashewa kamar tsohuwar ƙuli-ƙuli,
gara ta shiga ta gabas, tururuwa na fita ta yamma.
Su ke cinye shi a hankali, ya ce,
ba wuƙa, ba gatari, ba wanda ya ji ƙara.
Baɗi ka zuba kuɓewa a nan.

Daga cikin gari muna jiyo luguden yamma.
Ya karkata kai, ya saurara,
ya ce wancan turmin gidan Tabawa ne,
na tsakiya, mai ɗan tsagu a baki.