Akuyar Batula

Kafin tafiyar nan Hartum
Batula ba ta tambayar kowa.
Gawayi daga murhun uwarta,
bangon zaure, bayan ƙyaure,
akuya mai ƙafa biyar tana tsallake Nilu,
ni kuma a jirgina, kaina ya fi jirgin girma.
In ka ce mata wannan fa, mene ne,
sai ta dube ka da tausayi.

Ustaz Mahjub ya cika mota da 'yan aji huɗu,
daga Mai Wurno tun asuba, da guzurin kisra da dafaffen ƙwai.
Gidan tarihi suka je.
Aka tsayar da su gaban wasu bangaye
da aka ɗebo daga tsoffin majami'un arewa,
mutane tsaye cikin alkyabba, idanu dara-dara,
ja da ruwan ɗorawa ba su gama koɗewa ba
bayan shekaru aru-aru.

Ta dawo, ko tuwo ba ta taɓa ba.
Da safe na tarar da ita da tsumma da ruwa
tana wanke akuyar.
Na ce me ta yi miki?
Ta ce, Baba, wasan yara ne.
Shekararta tara.

Ƙanenta Ɗahiru, da ya maƙale a motar ba gayyata,
nasa labarin daban:
ai su ma ba su iya hannu ba,
yatsu kamar kuɓewa, ƙafafu ba sa taka ƙasa,
amma har da fitila da mai gadi aka ba su!
Tun ranar babu bangon da ya tsira a layinmu,
sai da maƙwabci ya kawo ƙara.

Wata biyu Batula ba ta ɗauki gawayi ba.
Ran nan da la'asar ina gyaran taru a gaɓa
ta zo ta durƙusa, ta ce kada in motsa.
Ta daɗe tana kallon hannuna,
tabon ƙugiya, farcen da ya tsage,
ta zana, ta goge, ta yage, ta sake,
har ladan ya kira magariba.

Hannuna ne, ba musu. Yatsu biyar cif.
Na ninke takardar na sa a aljihun jallabiya.
Ban gaya mata ba
duk sanda na shiga zaure
sai idona ya kai inda akuyar take.
Akwai ɗan baƙi-baƙi da ruwan bai fitar ba,
ina jin ƙafar nan ta biyar ce.