Ɗingishin Aro

Na san Tsalha tun yana dakon albasa a kasuwa,
buhu a ka, baki ba ya hutawa.
In ya kwaikwayi dillali yana rantsuwar ƙarya,
dillalin ne ke fara dafe ciki
ya ce, "Ɗan nema, ƙara yi."

Teburin shayina a Agege, gefen layin dogo,
nan ne dandalinsa na fari.
Jirgi ya wuce, kofuna su yi rawa,
shi kuwa ya ɗora daga inda ƙara ta yanke shi.
Bashin shayi da burodi na wata uku
na yafe, don shi ke cika min benci.

Ranar da 'yan fim suka kira shi Surulere
ni na ara masa babbar riga.
Ya dawo da ita a ninke, ko wuya bai zura ba.
Sun ba shi tasu: kaki mai faci,
tocila, rediyo, kujerar roba.
"Buɗe ƙofa. Rufe ƙofa. Ka karya Turanci."
Shi da ke karanta jarida
har shafin cigiya.

Shekara goma sha tara yana buɗe ƙofar nan.
Gida ya canja, mai gida ya canja,
yaran da ya riƙe wa jaka sun yi gemu,
shi yana nan, mota ta yi ham,
ya taso da gudu yana jan ƙafar hagu,
Ikko ta kwashe da dariya.

Ɗingishin nan ya yi ɗaki huɗu a Ikorodu.
Ɗingishin nan ya kai Lantana jami'a.
A cunkoson Oshodi yara masu talla
kan bi motarsa suna jan ƙafa,
ya leƙo ya gyara musu: "Ta hagu ce, ba ta dama ba."

Wani dare ruwa ya hana mu tashi,
kwata ta cika, ba ciniki.
Ya juya kofi a hannu, ya ce,
"Ka san ban ƙirƙiri komai ba?
Tsohona gadi ya yi a Ikoyi.
Ƙofar ƙarfe ta faɗo masa a ƙafa,
ya ɗaure da tsumma ya koma aiki
kada a ba wani kujerarsa.
Tafiyarsa na kai kasuwa, aka saya."
Na jira ƙarshen barkwancin.
Babu.

Bara wata yarinya mai kyamara ta zo har nan,
ta ce alƙali take so ya fito.
Aka ɗinka masa alkyabba baƙa,
ya kwana yana haddar hukunci.
Da aka ce ya taka zuwa kujera,
taku bakwai kacal,
ƙafar ta ƙi miƙewa.
Sau tara ana sakewa.
An ce zanen aro ba ya rufe katara;
ba a gaya mana wani aron ba ya ciruwa.

Yarinyar ta ce a bar shi haka.
Ranar da aka haska, na zauna a baya.
Alƙali ya shigo yana jan ƙafa,
wani ya fara dariya,
ya waiga, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

Jiya ya zo, furfura har gira.
Ya ce a rage sukari, likita ya hana.
Jirgi ya wuce, kofuna suka yi rawa.
Ya jira ƙarar ta lafa,
sannan ya tambaye ni nawa ne tsohon bashin nan.